Aiki Ma Magani Ne: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalai Kan Jinyar Taɓin Hankali

Iyayena maza da mata, sarakunan kasuwa, fatake da dillalai, masu rumfa da masu kasa kaya a ƙasa, da ku masu riƙe da gidaje a wannan gefe na iyaka da wancan, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina kuma gode muku da kuka bar ciniki kuka ba ni aron kunnuwanku. Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta cikin al'umma, karatun jinya na yi, kuma maganar da na zo da ita ta shafi wani mutum da kusan kowannenku ya sani: ɗan uwan nan da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama, aka kai shi asibiti ko wurin mai magani, ya lafa, aka dawo da shi gida, sa'an nan aka ce masa ya zauna ya huta, kada ya taɓa komai. Wata ya wuce, shekara ta wuce, yana nan a zaure ko a ƙuryar ɗaki, ba ya faɗa, ba ya ɓarna, amma kuma bai dawo mutumin da kuka sani ba.

Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne, wannan zama ba hutu ba ne, ciwo ne na biyu da ake ɗorawa a kan na farko. Aiki kuwa, idan an zaɓe shi daidai da ƙarfin mai jinya, aka kuma riƙa ƙara masa shi sannu a hankali, magani ne da ke tafiya tare da ƙwaya da allura. Akwai fannin ilimi sukutum da aka gina a kan wannan, ana karanta shi a jami'a, ana yin digiri a kansa har mutum ya zama farfesa. Za mu kira shi jinya ta hanyar aiki; 'yan uwanmu masu karatun Faransanci suna ce masa ergoterafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'i na lalurar ƙwaƙwalwa, wato kimanin mutum miliyan 970. Mafi yawansu ba masu yawo a bola ba ne. Ciwon damuwa da fargaba su suka fi yawa, kuma masu su suna nan cikinmu, suna auna hatsi, suna ɗinki, suna raino. Saboda haka maganar ba ta wasu can ba ce, ta gidanmu ce.

Inda wannan ilimi ya samo asali

A ƙarshen ƙarni na 18, masu taɓin hankali a Turai suna zaune ne cikin sarƙa, kamar yadda har yanzu ake samun wasu a mari a ƙasashenmu. A birnin Faris, likita Philippe Pinel da abokan aikinsa suka shiga kwance su. A Ingila kuma, wani ɗan kasuwar shayi mai suna William Tuke ya buɗe gidan jinya a garin York a 1796, inda marasa lafiya suke aikin lambu, suke ɗinki, suke cin abinci a zaune kamar kowa. Ku lura, ɗan kasuwa ne irinku, ba likita ba. Aka ga mutanen da aka yanke ƙauna da su suna natsuwa, wasu har suna komawa gidajensu.

Bayan fiye da shekara ɗari, a Amurka, likitan ƙwaƙwalwa Adolf Meyer ya bayyana cewa lafiyar hankali tana rataye ne a kan daidaito tsakanin abu huɗu: aiki, da wasa, da hutu, da barci. Wata mata mai suna Eleanor Clarke Slagle, wadda ta yi aiki tare da shi a birnin Baltimo, ta mayar da wannan ra'ayi tsari. Takan fara da mai jinyar da ya daina komai, ta sake koya masa tashi a kan lokaci, wanka, sa tufafi, cin abinci tare da mutane, sa'an nan aikin hannu. A 1917 ita da wasu abokanta suka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a jihar New York, a 1952 kuma aka kafa tarayyarsu ta duniya.

Sai masu bincike suka zo suka auna ko da gaske ne. A Ingila, John Wing da George Brown sun bi diddigin matan da suka daɗe a asibitocin ƙwaƙwalwa guda uku har tsawon shekaru, suka fitar da sakamakon a 1970. Abin da suka gano shi ne, gwargwadon yawan sa'o'in da mai jinya take ɓatawa ba ta yin komai, gwargwadon yadda take ƙara janyewa daga mutane, magana ta ragu, fuska ta mutu. Inda aka rage zaman banza kuwa, sai aka ga sauƙi. Ma'ana, wani ɓangare na abin da ake ɗauka ciwon ne ya kawo shi, zaman ne ya kawo shi. Hausawa sun riga sun faɗa: da zaman banza gara aikin kishiya.

Darasin ƙauyen Aro

Kada ku ɗauka wannan hikima ta Turawa ce kaɗai. Ɗaya daga cikin manyan darussanta a Afirka ta Yamma aka rubuta shi. Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta a 1923, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, ya dawo gida a 1954 aka ba shi asibitin Aro, kusa da Abekuta. Maimakon ya tara marasa lafiya bayan katanga, sai ya nemi yardar dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su ba su masauki a gidajensu. Sharaɗinsa shi ne kowane mai jinya ya zo da ɗan uwansa, uwa ko 'yar uwa ko inna, wanda zai zauna da shi, ya dafa masa abinci, ya raka shi asibiti. Da rana a karɓi magani, sauran lokaci kuma a yi zaman ƙauye: gona, kasuwa, hira, ibada. Masu gidajen suna karɓar kuɗin haya, ƙauyukan kuma suka amfana da ruwan sha da ɗakin shan magani. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da shi, domin ya san a wurinsu jama'a suke fara zuwa.

Bai tsaya ga jinya kawai ba. Ya haɗa kai da masana daga jami'ar Cornell ta Amurka suka yi bincike a kan lalurar ƙwaƙwalwa a ƙasar Yarabawa, aka buga shi a 1963. Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, ya shugabance ta daga 1968 zuwa 1971, sa'an nan ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya kai matsayin mataimakin babban darakta, ya riƙe shi har 1988. Ya rasu a 2004. A zamaninsa kuma akwai Tijjani al-Mahi a Sudan da Henri Collomb a asibitin Fann na Dakar, kowannensu yana neman hanyar da jinya za ta tafi tare da dangi da al'ada.

Akwai wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fara a shekarun 1960 a cibiyoyi tara na duniya, Ibadan na cikinsu, a kan ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin mutane. Da aka sake duba marasa lafiyar bayan shekaru, sai aka tarar na Ibadan da na Agra ta ƙasar Indiya sun fi na manyan biranen Turai samun sauƙi. Masana sun daɗe suna muhawara a kan dalili, amma cikin abubuwan da aka fi ambata akwai dangi da ke riƙe mutum, da kuma aikin gona da na kasuwa da ke iya karɓarsa ko da bai gama warwarewa ba. Wannan dukiya tana hannunku. Rumfa, da gona, da turken awaki, da gida mai yawan jama'a, su ne kayan aikin da manyan asibitoci suke kashe kuɗi don su kwaikwaya.

Yadda ake auna aiki kamar yadda ake auna magani

Mai jinya ta hanyar aiki ba cewa kawai yake yi a tashi a kama sana'a ba. Yakan fara da tambaya: me wannan mutum yake yi kafin ya kwanta, me yake so, me yake jin kunyar ya kasa? Sa'an nan ya ɗauki sana'ar ya rarraba ta gaɓa-gaɓa, ya duba abin da kowace gaɓa take nema daga jiki da hankali.

Mu ɗauki sayar da hatsi. A ido abu ɗaya ne, amma a cikinsa akwai tashi da sassafe, da buɗe rumfa, da kasa kaya, da awo da tiya ko mudu ba ragi ba ƙari, da lissafin kuɗi, da ba da canji, wani lokaci a juya naira zuwa sefa a ka, da jure hayaniya, da haƙuri da mai saye da ya zo yana taya kaya da raini. Wanda ya tashi daga ciwo ba zai ɗauki wannan duka a rana ɗaya ba. Idan aka tura shi ya kasa, aka yi masa dariya, zai koma ɗaki da rauni fiye da na da. Don haka ake hawa mataki-mataki. Makon farko yana gida, yana tsince wake ko ɓarar gyaɗa na rabin sa'a tare da wani, ba shi kaɗai ba. Idan ya riƙe wannan, sai ya koma ƙulla gishiri ko sukari a leda, aikin da ke da ƙirga a cikinsa. Daga nan ya raka ku kasuwa ranar da ba ta ci ba, ya share rumfa, ya jera kaya, ya koma gida kafin rana ta yi zafi. Sa'an nan ya riƙa awo kuna karɓar kuɗi. Sai can daga baya ya karɓi kuɗi da kansa kuna zaune kusa. Ranar kasuwa mai cika ita ce matakin ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Haka abin yake ga mace da ciwo ya kama bayan haihuwa. Idan aka karɓe jaririn gaba ɗaya, aka hana ta murhu da tsintsiya, ana nufin tausayi ne, amma ita abin da take ji shi ne an cire ta daga matsayinta na uwa. Abin da ya fi shi ne ta yi wa ɗanta wanka kakarsa na riƙe da shi tare da ita, ta gyara kayan miya wata na dafawa, a riƙa sakar mata ragama gwargwadon yadda take ƙara ƙarfi, ba tare da an bar ta ita kaɗai da jaririn ba har sai ma'aikacin lafiya ya ga lokaci ya yi.

Ga abubuwa huɗu da za ku kiyaye. Na farko, aikin ya zama na gaske, wanda gida ko rumfa ke bukata. Babba ya san lokacin da ake yi masa wasan yara. Na biyu, a biya shi ladansa ko da kaɗan ne, a hannunsa, domin kuɗin da mutum ya samu da guminsa yana dawo masa da mutunci. Na uku, a tsayar da lokaci: lokacin tashi, lokacin aiki, lokacin barci, kullum iri ɗaya. Na huɗu, a guje wa aikin haɗari a farkon jinya, kamar tuƙin babur ko mota, hawan gini, da injin niƙa, musamman idan maganin yana sa shi gyangyaɗi. Mai farfaɗiya kuwa a nisanta shi da bakin wuta da bakin rijiya har sai faɗuwar ta tsaya.

Wani binciken ya ƙara ƙarfafa wannan. A farkon shekarun 1990, Deborah Becker da Robert Drake a Amurka suka gwada sabon tsari: maimakon a riƙe mai jinya shekara da shekaru ana horar da shi a keɓe, sai a nema masa aiki na gaske da zarar ya nuna yana so, a kuma ci gaba da tallafa masa a wurin aikin. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa masu bin wannan tsari sun fi sauran samun aiki da kusan ninki biyu. A wurinmu, wanda zai buɗe wannan ƙofa shi ne kai mai rumfa, ke mai sana'ar ƙuli-ƙuli, kai shugaban teloli.

Aiki ba ya maye gurbin magani

A nan sai na ja kunne. Kada wani ya koma gida ya ce ma'aikaciyar lafiya ta ce a bar ƙwaya a kama aiki. Tare suke tafiya, kamar taki da ruwan sama. Yawancin komawar ciwo tana biyo bayan barin magani ne, sau da yawa don an ga sauƙi, ko don maganin yana kawo nauyin jiki, rawar hannu, sandarewar wuya ko dalalar miyau. Waɗannan abubuwa ne da aka sani, ana kuma iya gyara su ta hanyar rage awo ko canza magani. Ku kawo mana ƙorafi, kada ku yanke hukunci a gida.

Ku fatake masu ƙetare iyaka, tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Maigatari da Damagaram, ku riƙa tafiya da takardar asibiti da kwalin maganin, domin magani ɗaya yakan ɗauki suna daban a wancan gefen, takardar wani da Turanci, ta wani da Faransanci. Ku ƙirga kwanakin tafiya ku ɗauki abin da zai isa har da ƙari. Kada ku saya a tebur ko a hannun mai talla. Ku kuma sa ido kan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi irin su tiramadol da ake ba 'yan dako da leburori don su jure aiki. Ga mai lalurar ƙwaƙwalwa wannan zuba fetur ne a wuta.

Idan kuka ga ya kwana biyu ko uku ba barci, ko ya fara magana shi kaɗai, ko ya daina cin abinci don zargin an sa masa wani abu, ku dakatar da aikin ku kawo shi. Idan ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, ku ɗauki maganar da gaske a ranar, ku kawar da maganin ƙwari da igiya da makami daga kusa da shi, kada ku bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai, amma ƙofar farko ita ce ɗakin shan magani mafi kusa da ku. Mari da bulala ba sa cikin jinya. A Najeriya an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai jinya haƙƙinsa na a kula da shi cikin mutunci.

Wa zai gaji waɗannan masana?

Duk abin da na faɗa muku, wani ne ya ba da shekarunsa ya gano shi. Har yau kuma ana kan aikin. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda aka buga a 2020, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka riƙa ziyartar marasa lafiya a gidajen masu maganin gargajiya da na addini, suna aiki tare. Waɗanda suka sami wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, binciken da aka buga a 2016 kuma ya nuna abin yana aiki.

Masu jinya ta hanyar aiki sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashenmu, masu jin Hausa a cikinsu kuwa sun fi ƙaranci. Alhali wannan sana'a ce da ba ta yiwuwa sai da sanin harshe da al'ada. Wanda bai san bambancin daka da surfe ba, bai san abin da kunya take hanawa tsakanin suruka da surukarta ba, yaya zai tsara wa matar ƙauye aikin da zai dawo da ita?

Hanyar a buɗe take. Yaro ko yarinya su riƙe darussan kimiyya a sakandare, su ci jarrabawar shiga jami'a. A Najeriya ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, akwai kuma makarantar tarayya ta wannan sana'a a Oshodi, cikin Legas. A Gana ma ana koyar da shi a Jami'ar Gana. Bayan digiri akwai aikin horo a asibiti da rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. Daga nan mutum yana iya aiki da masu lalurar ƙwaƙwalwa, da masu shanyewar ɓarin jiki, da yaran da aka haifa da naƙasa, da waɗanda haɗarin mota ya raunata. Wanda yake da sha'awar bincike sai ya ƙara digiri na biyu da na uku, ya koyar, ya auna, ya rubuta, ya horar da na baya. Tafiya ce mai tsawo, tana cin kuɗi da haƙuri, kuma ribarta ba ta zuwa da sauri kamar ta kasuwa. Amma tambayoyin da ke jiran amsa namu ne: wace sana'a ce ta fi dacewa da matashin da ya bar shaye-shaye? Yaya za a taimaki wanda rikici ya kora daga gonarsa, ya wayi gari a sansani ba abin yi? Yaya mai jinya zai ci gaba da samun kulawa idan rabin shekararsa a wata ƙasa yake yi? Ɗan da ya tashi a rumfa ya riga ya san rabin amsar tun kafin ya shiga aji.

Saboda haka roƙona gare ku uku ne. Ku iyalai, ku koma gida yau ku dubi wanda kuka ajiye, ku tambaye shi abin da yake so ya fara yi, ku ba shi aiki guda ƙarami gobe da safe. Ku masu rumfuna da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, kowace ƙungiya ta yarda ta karɓi mutum guda da ya tashi daga wannan ciwo, ta kuma hana a kira shi da sunan da zai karya masa zuciya. Ku iyayen 'yan makaranta, idan ɗanku ko 'yarku ta ce wannan fanni take so, kada ku ce ai ba likita ba ne. Ku taimaka mata ta kai ƙarshensa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu ma'aikatan lafiya muna nan a ɗakin shan magani, ku zo da mai jinyarku da takardunsa mu zauna tare mu tsara matakin farko.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.